Ba duk nunar da ayaba ba ne guba

Na gaji da jin ana cewa a kasuwar Katsina duk ayabar da aka nunar da ita da wani sinadari guba ce. Masu wannan magana suna da dalilinsu. Akwai 'yan kasuwa da ke cusa kabayid cikin kaya, wato dutsen nan da masu walda ke zuba wa ruwa. Da ya ji danshi sai ya fitar da iskar asetilin, ɓawo ya yi rawaya, ciki kuwa sau da yawa da sauran ɗanye. Matsalar ita ce irin wannan kabayid yakan zo gauraye da arsenik da fosfaros, sinadarai masu cutar da jiki, shi ya sa NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa.

Amma fa nuna ba daga kabayid ta samo asali ba. Ita kanta ayaba, da mangwaro da tumatir, suna fitar da wata iska mai suna etilin idan sun fara nuna, ita ce ke tausasa su, sitacinsu ya koma zaƙi. Jarraba a gida: sa nunanniyar ayaba guda cikin buhun ɗanyen mangwaro, ka ɗaure bakin, bayan 'yan kwanaki ka buɗe.

Ayabar da ake kaiwa Turai ma ɗanya ake ɗauko ta, a nunar da ita a rufaffen ɗaki da etilin kaɗan, iskar da ayabar ke yi da kanta.