Ranar da aka kama idona na hagu da makara

Idon hagu ne ya fara min tsiya, in na juya shi sai zafi, gani ya yi dishi-dishi, jan launi ma ya koma kamar rigar da ta sha wanki. Likita ya haska ya haska ya ce cikin idon lafiya lau, yana zargin jijiyar gani ce ta kumbura ta can baya inda fitilarsa ba ta kaiwa, sai dai a yi min gwajin VEP, wato gwajin da ke duba yadda saƙo ke tafiya daga ido zuwa ƙwaƙwalwa.

An gaya min in wanke kai, kar in shafa mai. Wallahi na wanke, amma da safe hannuna da kansa ya lafta man nan, sabo ai. Matar da ke gwajin ta manna waya a ƙeyata, don wai nan ɓangaren gani na ƙwaƙwalwa yake, wayar ta zame, ta sake mannawa ta zame, ta kalle ni ta ce "Malam, me ka shafa haka?" Na ce ɗan kaɗan ne fa. Sai da ta dirje ƙeyar nan har na ji ta a haƙori.

Aka rufe min ido ɗaya, aka zaunar da ni gaban allo mai gidaje baƙi da fari kamar na dara, suna ta musayar wuri, wai in kafe ido kan ɗigon tsakiya. Ni kuma na ɗauka jarrabawa ce, na fara ƙirga gidajen da ƙarfi. Ta ce in yi shiru, ba bakina ake tambaya ba, injin ne ke auna lokacin da saƙo ke ɗauka daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, mai lafiya wajen milisakan 100 ne, wato kashi ɗaya cikin goma na sakan, shi ya sa ake kiransa P100, in kumburi ya ɓata rufin jijiyar sai saƙon ya riƙa jan ƙafa.

To shirun ne ya jawo gyangyaɗi. Sau 2 tana tashina muna sakewa daga farko.

Sakamako ya fito, dama ya iso kan lokaci, hagu ya makara sosai, likita ya ce ko ganin ya dawo makarar kan daɗe ba ta tafi ba. Na dawo gida ina ba matata labari da muryar tausayi, ta ce "Ashe abin naka har a jijiya yake."