Ranar da Hiace Ta Sha Iska a Kwanar Ɗangora

Mako uku wata 'yar fitila tana kamawa a dashbod ɗin Hiace ɗinmu, mai hoton wani abu kamar kofi da ɗigo-ɗigo a ƙasansa. Da ta ishe ni sai na yanko baƙin salatif na liƙe ta. Shi ke nan, na sami lafiya. Idon da bai gani ba ai ba ya ƙyama.

Motar tsohuwar Hiace ce mai injin 5L, silinda huɗu, kusan lita uku, ba na'urar tabo mai ƙara wa inji ƙarfi, mai shan gas. Irin injin nan ne da direbobi ke cewa jaki, domin in ka ba shi baƙin mai 15W-40 duk kilomita 5,000, ka kaɗe masa filtar iska, ka canza bel ɗin taimin a kilomita 100,000, to sai dai ka gaji da shi ka sayar. Duk wannan na sani, har ina koya wa wasu a majalisa. Shi ya sa da aka tashi kai kayan jeren ƙanwata Zariya aka ce ba sai an nemi direba ba, ga gwani a gida.

Aka ɗora katifa a sama, aka cusa kumbuna da tasoshi a baya, mata tara suka shiga, Gwaggo a gaba kusa da ni tana jan carbi. Allurar mai tana ƙasa da kwata. Da muka fito daga Kano na ga layi a gidan mai, na ce ba zan ɓata wa mutane lokaci ba, na tsaya wurin wani mai jarka a bakin hanya ya ɗura mini lita 10. Na ga gas ɗin ya yi duhu-duhu kamar kunun kanwa, amma na ce ƙila jarkar ce.

Mun wuce Kura lafiya. Muna dosar Kwanar Ɗangora na taka totur don in wuce wata tirela, mota ta ce ba da ita ba. Ta yi tari, ta fizga, ta saki, ta sake fizga, farin hayaƙi ya turnuƙe a baya. Na lallaɓa na sauka gefen titi, tana ta kakkarwa a silo kamar mai zazzaɓi. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, lafiya?" Na ce, "Gwaggo, ƙaramin abu ne, ku ɗan sauka in ɗaga kujera." Injin Hiace a ƙarƙashin kujerar gaba yake, saboda haka duk wanda zai yi gyara sai ya tashi babbar baƙuwa tukuna.

Abin haushin, na gane ciwon daidai. Fitilar da na liƙe ta ruwa ce. Ruwa ya fi gas nauyi, don haka duk wanda ya biyo mai daga tanki sai ya kwanta a gindin filtar mai. A nan akwai wata 'yar roba mai yawo a saman ruwa, in ruwan ya taru ya ɗaga ta sai fitila ta kama. Ruwan kuwa ba daga jarka kawai yake zuwa ba. Tankin motar lita 70 ne, ni kuma kullum a kwata nake yawo, sauran duk iska. Da rana ƙarfe ya yi zafi, da dare sanyin hunturu ya sauko, raɓa ta taru a jikin tankin daga ciki ta gangara cikin mai. Mai jarka ƙarasa cika kofin kawai ya yi.

Maganin bai kai minti biyar ba. Ka kashe mota, ka tara gwangwani a ƙarƙashin filta, ka kwance 'yar makunnin roba da ke gindinta zagaye biyu zuwa biyu da rabi, ka yi ta danna famfon hannu da ke saman filtar har ruwa ya ƙare gas zalla ya fara fitowa, ka ɗaure da hannu. Zagaye biyu da rabi. Ni da mata tara suka zuba wa ido, na ga zagaye biyu ai aikin ragwaye ne. Na yi ta murzawa ina yi wa Gwaggo bayanin nauyin ruwa, sai ji na yi abin ya zame daga yatsuna. Ƙwal, ya bugi ƙarfe, ya shige wani lungu na inji. Ruwa da gas suka biyo hannun rigata har gwiwar hannu, sabuwar shadda ta biki.

Na zura hannu ina lalube, na ture wannan, na jawo wancan, da ƙyar na zaƙulo ta. Na mayar, na ɗaure, na goge hannu da hula ba tare da na lura hulata ce ba. Na ce, "An gama." Na murza makulli. Kik ya yi ta juyi, inji ya yi shiru. Na sake. Na sake. Na riƙe makullin har sai da na ji wani ƙauri yana tasowa, juyin kik ya koma kamar tsoho yana hawan tudu, daga nan sai ƙas-ƙas-ƙas. Batir ya ce ga garinku nan.

Injin gas ba shi da fulogin da ke ba da wuta irin na fetur. Fistin ne ke matse iska, a wannan injin kusan ninki 22, har ta yi zafin da in nozul, wato ɗan bakin da ke feshin mai, ya fesa gas a ciki zai kama da kansa. Nozul kuma ba ya buɗewa sai famfon injekta ya turo mai da ƙarfin da ya haura 140 a ma'aunin matsi da ake kira bar. Mai ba ya matsuwa, don haka in aka tura shi sai ya ture allurar nozul. Iska kuwa matsuwa take yi ta dawo kamar soso. In ta shiga bututun, famfo zai yi ta turawa, ita tana lanƙwashewa, nozul yana barci. Ni da na zubar da duk abin da ke cikin filta na kuma manta ban danna famfon hannu na cika ta ba, da hannuna na ɗura wa injin iska cikinsa fal. Ko batir goma zan ƙone ba za ta tashi ba.

Amma a lokacin ba wannan lissafin nake yi ba, lissafin mutuncina nake. Na ce batir ne ya yi sanyi, a ɗan tura. Matan nan da lalle da sababbin atamfofi suka ɗaura gyale a ƙugu suka dafa bayan mota. Na sa giya ta biyu, na saki kuloci, mota ta yi gurnani ta tsaya cak, kumbuna suka amsa daga baya. Sau uku. A na ukun wata innar amarya ta zauna a kan dutse ta ce, "Mu jere aka ce mu zo yi, ba a ce mana da dako ba."

Kafin ka ce kwabo an taru. Wani mai rake ya ce a zuba fetur kaɗan ta bakin filtar iska, nan take za ta tashi. Saura kaɗan in yarda, Allah ya taimake ni babu fetur a kusa. Injin da ke da hita, wato ɗan ƙarfen da ke ɗumama cikin inji kafin a tayar da shi, in ka watsa masa fetur ko feshin tayar da inji alhali hita ta yi ja, abin yana iya fashewa tun fistin bai iso ba, ka tashi da ciwon da ya fi na farko.

Wani mai babur ya je ya ɗauko bakanike. Ina jiran in ga dattijo mai furfura, sai ga yaro da bai fi shekara goma sha shida ba, da sifana biyu a aljihun baya, da wani guntun tiyo fari mai nuna ciki, da batir a kan cinyarsa. Na gyara murya na fara ba shi labari da kalmomin gareji don ya san ba da baƙo yake magana ba. Bai ko dube ni ba. Ya ɗora tafin hannu a kan famfon filta ya danna sau biyu ya ce, "Oga, ta sha iska. Wa ya taɓa ta?" Mata tara suka nuna ni a tare, kamar an yi musu bita.

Ya yi ta dannawa, famfon ya ƙi yin tauri. Ya kamata bayan 'yan dannawa ka ji ya cije, alamar filta ta cika. Ya zare tiyon da ke fita daga filta zuwa injekta, ya sa farin tiyonsa a wurin, ya ci gaba da dannawa. Ga gas yana wucewa, ga kumfa jere-jere kamar carbin Gwaggo. Ya kwance makunnin gindin ya juya ta a hannu ya ce, "Ina robar?" Na ce wace roba? Ashe akwai wani ɗan zoben roba a jikinta wanda ke toshe wurin, ya fice lokacin da ta faɗi. Na ce ai ba ta ɗiga, na duba. Ya ce, "Oga, wannan ɓangaren zuƙa yake yi. Famfon injekta ne ke jawo mai tun daga tanki ta cikin filta. In akwai kafa a nan, ba lalle ka ga mai a ƙasa ba, iska ce za ta riƙa shiga." Shi ya sa mota kan kwana lafiya da safe ta ƙi tashi, a yi ta zagin batir da hita, alhali wani tiyo ne ya tsage ko kilif ya saki.

Aka baza yara neman zobe a cikin yashi. Gwaggo ce ta gano shi, a manne a cikin naɗin hannun rigata.

Da aka mayar, famfo ya cije. Yaron ya ce filtar ma ta gama aiki, in na isa gari in canza, kuma da irin gas ɗin da ake samu a hanya kada in jira sai ta toshe. In zan ɗaura sabuwa in shafa gas a robar bakinta, in murza da hannu har ta taɓa, in ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye, ban da sifana. Na ce na sani. Ya ce, "To."

Ya haɗa batirinsa, ja da ja, baƙar wayar ya maƙala a jikin ƙarfen inji. Ya ɗauki sifana mai lamba 17 ya sassauta notin bututun da ke kan nozul, kowanne rabin zagaye, ya rufa tsumma a kai, ya ce kowa ya janye hannunsa, domin gas mai wannan ƙarfin yana iya huda fata. Ya ce in ba ta kik daƙiƙa goma kawai in saki, in bar shi ya huce. Ana so a ga kumfa ta fara tsartuwa, sannan gas zalla, sai a ɗaure. Na ba ta. Ba kumfa, ba gas, bututu a bushe ƙamas. Na sake, haka. A raina har na ɗan ji daɗi, na ce yau ga ranar da ƙaramin gwani zai san babba.

Ya yi shiru ya ce, "Oga, kashe. Kunna makulli kawai, kar ka ba ta kik." Ya kara kunnensa kusa da famfon injekta. "Kashe. Kunna." A jikin famfon akwai wani ɗan maganaɗisu mai waya, shi ne ƙofar mai. In ka kunna makulli wutar batir ta iso shi sai ya ce ƙyas ya buɗe, in ka kashe ya rufe, da haka injin gas yake mutuwa. Ba ƙyas. Ya zura hannu ya ɗago wata waya tana lilo, soket ɗinta a zare. Ya tambaya, "Nan ma kai ne?" Wajen laluben makunni na fizge ta. Wato ko da ban ɗura iska ba, ko da matan nan sun tura motar har Tashar Yari, ƙofar mai a kulle take.

Ya mayar da soket, ƙyas. Kik na farko kumfa, na biyu gas ya fara tsartuwa. Ya ɗaure notin ɗaya bayan ɗaya, ya ce in jira fitilar hita ta mutu tukuna. Na murza. Ta kama da silinda biyu tana girgiza katifa, ta kama da uku, ta yi aman farin hayaƙi ya lulluɓe mai rake, sannan ta daidaita. Wata ta rangaɗa guɗa. Ba ni aka yi wa ba.

Ya ce in bar ta a kunne ta cika batir, in tsaya a gidan mai na farko in cika tanki, gobe da safe in sake tsiyaye filta domin sauran ruwan jarka yana nan tafe. Na biya shi kuɗinsa, Gwaggo ta kwance bakin zane ta ƙara masa, ta kuma ɗebo masa alkaki daga cikin garar amarya. Yana shirin hawa babur sai ya leƙo ta taga, ya sa farce ya ɓare salatif ɗina daga dashbod, ya miƙo mini. Fitilar ta mutu.

Gwaggo ta karɓe shi daga hannuna ta ce in bar mata, akwai inda za ta liƙa. Tun daga nan har muka shiga Zariya, duk sanda na buɗe baki zan yi bayanin inji sai ta ɗaga shi sama.