Tayar shekara takwas, batir shekara shida: Allah ya isa tsakanina da ku

Kwana huɗu kacal na nema. In kwashi Baba da uwargida da yara biyu, mu je filin zango a bakin tafki, mu huta, mu dawo. Yau mako uku ke nan da dawowarmu, kuɗin ajiyar da na bayar har yanzu suna hannun kamfanin da ya ba ni hayar tirelar kwana (ɗan ɗaki mai taya da ake ja da mota a kwana a ciki), 'yar motar golf (ƙaramar mota mai batir ta zirga-zirga a cikin fili) da na saya tana ajiye a gida ko motsi ba ta yi, ni kuma duk wanda ya ce min "yaya hutu?" sai in ji kamar in shaƙe shi.

Bari in fara da masu tirela, tunda su ne suka kusa hallaka mu.

Ranar da na je ɗauka, minti goma ba a yi ba aka sallame ni. Wani matashi ne ya fito, ido a kan waya, ya zagaya da ni sau ɗaya yana nuni da baki: ga gado, ga firji, ga banɗaki, ga tukunyar gas. "Yallaɓai, komai lafiya lau, jiya aka duba ta." Takardar haya shafi tara, bai bar ni na karanta ko layi biyu ba, yatsa kawai yake ɗorawa inda zan sa hannu. Da aka zo haɗa wuta sai aka ga fulogin tirelar mai baki bakwai ne, soket ɗin motata kuma mai huɗu. Ko gezau bai yi ba. Ya shiga ofis ya ɗauko wani ɗan mahaɗi ya jona, ya ce in taka birki. Fitila ta kama. Ya ce, "Shi ke nan yallaɓai, Allah ya kiyaye hanya."

Sai daga baya na san abin da ya yi min. Waya huɗun nan fitilu kaɗai take ɗauka: fitilar baya, sigina ta hagu da ta dama, da hasken birki. Birkin tirelar kuwa na lantarki ne, yana da wayarsa daban a cikin bakwai ɗin, kuma sai da wata na'ura a cikin mota da ke aika masa wuta idan ka taka. Wato fitilar birki tana kamawa, birkin kansa yana sharar barci. Abu mai nauyin fiye da tan ɗaya da rabi na ja a bayana, da tsoho da yara a mota, babu abin da zai tsayar da shi sai birkin motata. Wanda aikinsa ke nan kullum zai ce bai sani ba? Ya sani. Sallamata kawai yake so ya yi ya koma kan wayarsa.

Mun yi tafiyar awa biyu sai na ji ƙara kamar an harba bindiga. Tayar dama ta tirelar ta fashe. Nan take ta fara wulwula gindi, ta ja mu hagu ta ja mu dama, sitiyari yana neman ƙwacewa daga hannuna. Baba salati yake, uwargida ta rungume yara tana cewa "Baban yara, tsaya! Tsaya mana!" Da me zan tsaya? Ɗaga ƙafa kawai na yi daga totur na riƙe sitiyari da dukkan ƙarfina har Allah ya sa muka gangara gefen hanya. Na fito ƙafafuna suna rawa. Robar tayar da ta ɓalle ta yi ta dukan jikin tirelar har ta farke madigadi ta tsaga allon ƙasa.

Akwai safaya, iska rabi. Babu jak, babu sifanar da ta yi daidai da notin. Lambar gaggawa da suka buga da jan rubutu a saman takarda na kira sau bakwai, wata murya ce kawai take ta ba ni haƙuri tana cewa kirana yana da muhimmanci a wurinsu.

Bakaniken da na samo da kuɗina shi ya buɗe min ido. Ya juya tayar ya ce, "Maigida, zo ka gani." A gefen taya akwai layin da ya fara da haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tamu 2316 aka rubuta. Mako na 23 na 2016. Taya ta haura shekara takwas! Zanenta kuwa raɗau kamar sabuwa, kuma nan ne yaudarar take. Tayar tirela ba gudu ke kashe ta ba, zama ne: rana ta gasa ta wata da watanni a wuri guda, robar ta bushe ta tsattsage daga gefe. Masu tirelar da suka san ciwon kansu ba sa barin ta wuce shekara biyar zuwa shida ko da zane bai taɓu ba. Ya nuna min tsagar a ɗaya tayar, an shafe ta da man ƙyalli baƙi wuluk. Wani ya durƙusa a gaban tayar nan da soso a hannu, fuskarsa dab da lambar, ya goge ta tas ya tashi. Wannan shi ne "jiya aka duba ta".

Sauran abin da muka gani a filin zango ba zan ja shi ba. Firji bai yi sanyi ba sai washegari, domin babu wanda ya gaya min irin nasu ba shi da kwamfiresa, zafi ne ke juya sinadarin da ke cikinsa, yana ɗaukar awoyi kafin ya kama, kuma dole tirelar ta tsaya daidai ba karkace ba. Rabin abin da muka zo da shi ya lalace. A rana ta biyu banɗaki ya cika ya fara turo wari. Mutum biyar ba sa cika tankin nan a yini ɗaya. Ashe ba a zubar da na waɗanda suka yi haya kafin mu ba. Ƙazantar wasu na ɗauko a bayana na yi ta yawo da ita a kan titi, har da biyan kuɗin mai. Wani dattijo da ya yada zango kusa da mu, Allah ya saka masa, shi ya koya min a fara buɗe tankin banɗaki sannan na ruwan wanka domin ya wanke tiyo. Jimla ɗaya ce, amma ta fi ƙarfin bakin ma'aikacin kamfani.

To, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Saura motar golf.

Ba don gayu na saye ta ba. Gwiwoyin Baba sun gaji, filin zango kuma fili ne na gaske, daga inda ake ajiye tirela zuwa bakin ruwa tafiya ce. Na lissafa kuɗin hayarta kullum na ga gara in sayi ta hannu, ta zama tamu. Mai sayarwar mutum ne mai zaƙin baki, tun kafin in zauna ya mai da ni ɗan'uwa. Ya ɗaga kujera ya nuna min batura shida masu bolt takwas-takwas, 48 ke nan, suna ƙyalli ko ƙura babu. "Ɗan'uwa, bara aka sa su. Da ba don ina da buƙata ba, wallahi ba zan sayar ba." A gabana ya zare ta daga caja, na zagaya da ita minti biyar a shimfiɗaɗɗen wuri, ta yi gudu kamar barewa. Na biya. Ƙanena ne ya kai mana ita a bayan a-kori-kurarsa, tunda mota ɗaya ba za ta ja tirela ta ja ta ba, kuma ba abin wasa ba ce wajen nauyi: kowane batir kaɗai ya kusa kilo 30.

Masu filin sun nemi takardar inshora, sun ce sai mai lasisi zai tuƙa, kuma babu yawo da dare in ba fitila. Wannan ban ga laifinsu ba, yara ne ke guje-guje ko'ina.

Tudun farko da muka hau da Baba, a tsakiya ta fara nishi, ta yi sanyi, ta tsaya cak. Ni da ɗana muka sauka muna turawa, Baba yana riƙe da sitiyari yana amsa gaisuwar mutane kamar wani sarki a kan doki. Yara suna dariya. Ni gumi har cikin takalmi.

Dattijon nan dai shi ya sake zuwa da 'yar mitarsa. Ya ce a motar golf mai lantarki batir shi ne motar, sauran duk kujera ce da taya. Ya buɗe murafen batir ɗaya bayan ɗaya. Irin waɗannan ruwa ake zuba musu, tataccen ruwa, a kai a kai, yadda zai rufe farantan dalma da ke ciki. Namu farantan a waje suke, sun bushe sun yi fari. Farantin da ya sha iska haka ba ya dawowa, ko kogi ka juye masa. Ya ce batura masu bolt 48 in sun cika suka huta, mita kan nuna wajen 50 zuwa 51, amma batir mai mutuwa ma yana iya nuna lamba mai kyau in yanzu aka cire shi daga caja. Sai an ɗora masa nauyi asirinsa ke tonuwa. Shi ya sa mutumin ya bar ta a jone har na iso, shi ya sa kuma ya nuna min wurin da babu tudu. Muka taka totur da mita a jone, ɗaya daga cikin shidan ya zube ƙasa warwas. Da yake a jere aka haɗa su, guda ɗaya in ya mutu ya ja sauran. Kuma ba a canza ɗaya a bar biyar, tsofaffin za su cinye sabon.

Sannan ya kankare sandar batir da makulli. Harafi ɗaya da lamba ɗaya: C8. Harafin wata ne, A Janairu, B Fabrairu, C Maris; lambar kuma shekara. Maris 2018. Batirin da in an kula da shi yake yin shekara huɗu zuwa shida, shi aka wanke da sabulu aka ce min na bara ne. Da muka leƙa ƙarƙashi kuma, ruwan asid ya ci ƙarfen da baturan ke zaune a kai, an bi tsatsar da baƙin fenti. Dattijon ya ce shi ya sa wasu ke neman motar golf ƙirar kamfanin Club Car, don ƙashinta na alminiyam ne. Tawa ba irinta ba ce. A rana ta uku ko caja ta ƙi tashi, domin irin mai sarrafa kanta sai ta ji ɗan ƙarfi a batir kafin ta fara aiki.

Na san nawa laifin. Na yi cinikin biri a sama. Da na hau tudu da ita na rabin awa, da na buɗe murfi ɗaya, da ban saya ba. Da na ɗauki hoton tirelar lungu da saƙo kafin in ja ta, da yanzu ina da abin nunawa. Amma rashin sanina bai halatta wa kowa ƙarya ba. Duka biyun gaskiyar tana rubuce a jikin kayan, a taya da a sandar batir, su sun iya karanta ta, ni ban iya ba, kuma a kan wannan suka ci kuɗina.

Na kira mai motar. Ɗan'uwantaka ta ƙare. "Malam, ai da kanka ka gwada." Na ce ina maganar bara? Ya ce shi bara ya saye ta, wanda ya sayar masa ne ya ce sababbi ne. Kira na uku ya daina ɗauka.

Ranar mayar da tirela kuwa sai na ga ashe kamfanin nan yana da idanu. Mutum biyu suka fito da tocila da takardar bincike, suka yi minti arba'in. Matashin nan da bai iya ɗaga kai daga waya ba, ga shi kwance a ƙarƙashin tirela yana haska kowane noti. Suka jera min: kuɗin taya, kuɗin madigadi, kuɗin allon ƙasa, kuɗin shara, kuɗin makarar awa uku. Har da kuɗin wanke tankin banɗaki! Tankin da na zubar musu da na wasu a ciki! Manaja ya buɗe shafi na bakwai ya karanta min cikin sanyin murya: "Ranka ya daɗe, lalacewar taya alhakin mai haya ne." Na ce ƙusa na taka ko rami na faɗa? Shekarun tayar fa, su ma ni na ɗora mata? Birkin da aka sallame ni babu shi fa, a wane shafi yake? Ya ce zai tura maganar sama. Mako uku ke nan tana sama, ba ta sauko ba.

Fasasshiyar tayar tana but ɗin motata, da lambarta 2316 a jiki, na ɗauke ta hoto ta kowace fuska na aika musu. Shekaranjiya, karon farko tun da aka fara rigimar nan, su suka kira ni da kansu. Na ɗauka maganar kuɗina ce. Wai in dawo musu da tayar, kayan kamfani ce. Na ce su zo da kuɗin ajiyata cif-cif, da takarda a rubuce cewa an cire sauran tayoyin daga tirelar kafin a ba wa wani mai iyali, sannan mu yi maganar taya. Ya ce zai tura sama.