A tambayi mai sana'a kafin a sayo masa kayan aiki

Wani rahoto a kan tallafin da ake bai wa masu fasaha da ke da nakasa domin sayen kayan aikin da suka dace da jikinsu ya taɓo inda matsalar take. Sau da yawa akan raba keken ɗinki iri ɗaya ga kowa, alhali mai aikin surfani da cutar shan inna ta shanye wa ƙafafu ba zai iya taka keken ba. Abin da yake buƙata shi ne inji mai lantarki da ake sarrafawa da hannu, da tebur daidai tsayin kujerarsa, da ƙaramar sola, tunda wutar gari ba abar dogaro ba ce. Idan ya samu waɗannan, sai ya karɓi ɗinkin Sallah da na biki kamar kowa, har ya ɗauki yaro ya koya masa. Haka ma makahon mawaƙi, wayar da ke karanta masa rubutu da murya takan ba shi damar duba kuɗin da ya shiga asusunsa ba tare da ɗan jagora ya shiga tsakani ba.

Dokar Najeriya ta hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ita ta haifar da hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020. Ya kamata hukumar ta riƙa ware kuɗin gyara tare da na saye, domin injin da ya lalace babu makaniki a kusa, jingine shi ake yi.