Bresson ya fi mu kawaici a fim

Tun da na zo birnin Lyon na Faransa da zama nake jayayya da 'yan uwa na Damagaram kan finafinan Kano, kuma Robert Bresson ne hujjata. Daraktan fim ne Bafaranshe, an haife shi a 1901, ya rasu a 1999, amma duk tsawon ransa manyan finafinai 13 kacal ya yi. Da zane ya fara. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa suka kama shi suka tsare, kuma zaman kurkukun nan ya bi shi har cikin aikinsa.

A 1956 ya yi fim kan André Devigny, wanda ya tsere daga kurkukun Montluc da ke nan garin. Ɗan fursuna ya wasa cokali a daɓe, yana kankare katakon ƙofa kaɗan-kaɗan, ya share ɓarɓashin kada mai gadi ya gani. Hannunsa ake nuna maka. Daga waje sai ƙarar makullai da kukan jirgin ƙasa. Bai yi kuka ba, bai tsaya yi maka bayanin tawakkali ba, amma sai ka ji shi a jikinka. Bresson Kirista ne ɗan Katolika, ni Musulmi, duk da haka na gane abin da yake nufi.

Ya daina aiki da ƙwararrun 'yan wasa. Mutanen gari yake ɗauka, ya sa su maimaita magana har sai kwaikwayo ya fita daga bakinsu. A 1966 ma jaki ya sa ya ja fim.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wannan kawaicin namu ne tun fil azal. Uwa a gidajenmu ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rungume shi a gaban mutane, kuma kowa ya san irin son da take masa. To me ya sa a fim sai ta yi ta kururuwa, kiɗa na tayawa, sannan malam ya zo a ƙarshe ya fassara mana darasi? Ina son finafinanmu, da su nake rage kewar gida, shi ya sa abin yake damuna. Masu cewa rashin kuɗi ne, su sani yawancin fim ɗin Montluc a ɗaki ɗaya aka yi shi, da cokali da igiya da mutumin da bai taɓa sana'ar wasa ba.