Ku Daina Cewa Wawaye Ne, Ku Tambayi Wa Ke Iya Ce Wa Fastonku A'a

Duk lokacin da maganar Shakahola ta sake tasowa, sharhin da Kiristoci ke yi a kai yana ɓata min rai kusan kamar labarin kansa. "Ai wawaye ne." "Ni dai ba faston da zai yi min haka." Gawa sama da 400 aka tono a dajin nan na Kenya tun daga 2023, da yawansu ƙananan yara, amma darasin da wasu suka ɗauka kawai shi ne su sun fi mamatan wayo. 'Yan'uwa, wannan tunanin ne ke kai mutum rami. Ba wanda Paul Mackenzie, faston mamatan, ya tara ranar farko ya ce musu ku zo ku yi azumi har ku mutu. Shekaru ya yi yana wa'azi, yana ce musu makaranta ta Shaiɗan ce, asibiti rashin bangaskiya ne. Tun 2017 hukuma ta kama shi kan hana yara zuwa makaranta, ya fito ya ci gaba. Kafin a kai ga daji, an riga an kashe abu guda a cikin mutanen nan, wato ikon yin tambaya.

Nan ne maganata take, kuma zan yi ta nanatawa. In kana so ka gane shugaban ikilisiya mayaudari ne ko makiyayi na gaskiya, bar kallon rigarsa da motarsa da yadda yake girgiza mumbari. Tambaya biyu za ka yi. Wa ke da ikon ce masa a'a? Kuma mutum na ƙarshe da ya ce masa a'a, yau yana ina?

In amsar ita ce "ai an kore shi, ɗan tawaye ne", sai ka nemi na kafin shi. In shi ma aljani ne ya shige shi, na kafin shi kuma maƙiyin aikin Allah ne, ma'ajin da ya ajiye aiki ɓarawo ne, mataimakin faston da ya tafi hassada ce ta cinye shi, to ka riga ka sami amsarka. Ba zai yiwu a ce kowa da ya taɓa yi wa mutum ɗaya tambaya ya zama mugu ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Manzo Yahaya ya ambaci irin wannan mutum da sunansa a wasiƙarsa ta uku, aya 9 da 10: Diyotarifis, mai son shugabanci, wanda ba ya karɓar 'yan'uwa, yana kuma korar waɗanda suka karɓe su daga ikilisiya. Cutar tsohuwa ce.

Na san abin da za a jefo min: "Kada ku taɓa shafaffuna." Ku buɗe Zabura 105 ku karanta daga aya 8 zuwa 15. Ana maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi a ƙasashen mutane, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Ba ruwan ayar da hana memba tambayar inda baikon ranar Lahadi ya shiga. Dawuda shafaffe ne na gaske, Natan ya tsaya a gabansa ya ce masa kai ne mutumin. Bitrus manzo ne, Bulus ya tsawata masa ido da ido a Antakiya, a gaban kowa, ya kuma rubuta a Galatiyawa 2. Mutanen Biriya sun saurari Bulus, suka koma suna binciken Nassi kowace rana su ga ko abin da ya faɗa haka yake, Ayyukan Manzanni 17:11 kuma yabonsu ya yi. In za a iya bincikar Bulus, wane ne fastonka?

Mu zo kan kuɗi, domin a nan ne tambaya ta fi saurin tone asiri. Ikilisiya mai lafiya tana da tsari wanda ko yaro zai iya bayyana shi. Mutum biyu ko uku waɗanda ba dangin juna ba, ba kuma dangin fasto ba, su ƙirga baiko nan take bayan sujada, su rubuta adadin, kowa ya sa hannu. Kuɗin ya shiga asusun banki mai sunan ikilisiya kafin a taɓa ko kwabo. Fitar da kuɗi ya buƙaci sa hannun mutum biyu aƙalla, kada fasto ya zama shi kaɗai ke da iko da asusun, kada matarsa ko ɗansa ya zama ma'aji. Albashinsa wasu ne za su yanka masa, ya bar ɗakin lokacin da ake yankawa. Takardun fili da na gini su kasance da sunan ikilisiya ko amintattunta. Sau ɗaya a shekara a karanta wa membobi abin da ya shigo da abin da ya fita, wani akanta daga waje ya duba littattafan. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana toshe wata ƙofa ce. In mutum ɗaya ke ƙirgawa, ba wanda ya san adadin gaskiya. In ana kashewa kafin a kai banki, ba sawun da za a bi. In fili da sunan fasto yake, ranar da ya mutu ko aka ɓata da shi, ginin da gwauraye suka yi da guminsu ya zama gadon 'ya'yansa, kotu kuma takarda take dubawa.

Wani zai ce wannan rashin amincewa da bawan Allah ne. Bulus bai ɗauke shi haka ba. Da zai kai gudummawa Urushalima, bai riƙe jakar shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa 8:18-21 ya ce ikilisiyoyi ne suka zaɓi ɗan'uwan da zai raka su, don kada kowa ya sami abin zargi, domin suna so su yi daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. Mai gaskiya shi ne ke neman a sa masa ido. Jim Bakker, mai wa'azin talabijin a Amurka, ya riƙa sayar wa mabiyansa alkawarin kwana uku duk shekara a otal ɗin hidimarsa har ƙarshen rayuwa, kan dala 1,000, ya sayar wa dubban mutane fiye da abin da ɗakunan za su ɗauka. A 1989 kotu ta same shi da laifin zamba. Lissafin da zai iya tona shi, raba yawan mutane da yawan ɗakuna ne kawai. Shekaru aka yi ba wanda ke kusa da shi ya tsaya ya hana.

Sai kuma babbar garkuwarsu: "Amma ya faɗa min sunan mahaifiyata da ciwon da ke damuna, ta yaya ya sani?" Ga yadda ake sani. Ana raba katin roƙon addu'a a ƙofa, ka rubuta sunanka da adireshinka da damuwarka da hannunka. Masu tarbar baƙi suna jan ka da hira kafin a fara sujada. Shafinka na Facebook yana ɗauke da sunayen 'ya'yanka da ranar da aka yi maka rasuwa. Wanda ya gayyato ka ya riga ya ba da labarinka da kyakkyawar niyya, don a yi maka addu'a. A 1986 James Randi, mai tona asirin masu siddabaru, ya kama mai wa'azin Amurka Peter Popoff da na'urar sauraro a kunne, matarsa tana karanto masa sunaye da cututtuka daga katunan addu'a ta rediyo, shi kuma yana shelar cewa daga sama ake gaya masa. Aka saka muryar a talabijin, duniya ta ji. A 1987 ya bayyana ya karye. Bayan wasu shekaru ya dawo yana tallar ruwan mu'ujiza, mutane suka sake tura masa kuɗi. Wata dabarar ko na'ura ba ta buƙata: a tsaya gaban mutum dubu a ce akwai wata mace a nan mai ciwon baya wadda danginta ke yaƙi da ita. A taron mutum dubu, hamsin za su miƙe. Haka ma keken guragu da ake bai wa tsofaffi masu iya tafiya kaɗan-kaɗan a bakin ƙofa "don su huta", daga baya a tashe su a gaban kyamara.

Na gaskata Allah yana warkarwa, shi ya sa wannan wasan yake ƙona min zuciya. Warkarwa ta gaskiya ba ta tsoron gwaji. Yesu da kansa ya ce wa kutare goma su je su nuna kansu ga firistoci, masu tabbatar da an warke. Duk wanda ya ce ka zubar da maganin hawan jini, ko allurar ciwon sukari, ko maganin farfaɗiya, ko ƙwayoyin da ke danne ƙwayar cutar ƙanjamau, wai shan su rashin bangaskiya ne, ka tashi ka bar wurin a ranar. Mai ƙanjamau da ya daina shan magani yakan ji garau na ɗan lokaci, har ya ba da shaida a gaban ikilisiya, alhali ƙwayar cutar tana sake yawaita a jininsa, wani lokaci ma ta daina jin maganin da yake sha a da. Ranar da ya kwanta, ba a kawo kyamara. Kuma ku lura da yadda aka gina maganar: in ka warke, shafewar fasto ce; in ba ka warke ba, bangaskiyarka ce ta kasa, ko ba ka shuka iri mai nauyi ba. Shi ba ya taɓa faɗuwa. Ko da ma al'ajibin na gaske ne, Matiyu 7:22-23 ya ce akwai masu annabci da fitar da aljanu da Ubangiji zai ce bai taɓa saninsu ba, Maimaitawar Shari'a 18:22 kuma ta ce annabcin da bai cika ba, ba daga Ubangiji ya fito ba. Ku riƙa rubuta annabce-annabcen da kwanan wata. Bayan shekara ku karanta. In kuka tuna masa da wanda bai cika ba, ku dubi fuskarsa. A Kanungu ta Uganda shugabannin wata ƙungiyar addini sun ce duniya za ta tashi a ƙarshen 1999, mutane suka sayar da dukiyarsu suka miƙa. Duniya ba ta tashi ba, tambayoyi suka fara, ranar 17 ga Maris 2000 aka ƙone ɗaruruwa a cikin majami'a, daga baya aka tono wasu ɗaruruwan a ramuka.

Raba mutum da danginsa a hankali ake yi. Da farko ƙauna ce har ta yi yawa: kira kullum, ziyara, muƙami cikin wata biyu. Sai taruka su cika mako, har ba ka da lokacin kowa. Sai wahayi ya zo cewa mahaifiyarka ce ta ɗaure ka, ko mijinki ne ke toshe miki albarka. Sai ya zama aure, canjin aiki, tafiya, duk sai da izinin Baba. Asirin da ka faɗa a ɗakin shawara kuma yana ajiye, ranar da ka yi yunƙurin fita za ka ji shi a wa'azi ba tare da suna ba, kowa kuma ya gane. Jim Jones, shugaban wata ƙungiyar addini ta Amurka, ya karɓe fasfo ɗin mutanensa a Guyana kafin ranar 18 ga Nuwamba 1978 da sama da 900 suka mutu. Kafin nan mutum ne mai daraja a San Francisco, yana ciyar da matalauta, 'yan siyasa suna neman sa. Don haka "amma yana taimakon marayu" bai amsa tambayata ba.

Kada kuma masu cocin tsit-tsit su ce wannan matsalar masu ihu da man shafewa ce. Ravi Zacharias mai ilimi ne, mai taushin murya, duniya ta san shi da kāre bangaskiya. A 2017 wata mace ta zarge shi, shi ya kai ta kotu, hidimarsa ta tsaya bayansa ba tare da ta bincika wayoyinsa ba, ma'aikatan da suka matsa da tambaya aka mayar da su saniyar ware. Bayan mutuwarsa a 2020, binciken da hidimar ta sa lauyoyi suka yi ya fito a Fabrairu 2021 ya tabbatar da cin zarafin mata. Koyarwarsa ba ta nuna komai ba. Abin da ya nuna shi ne yadda aka yi da masu tambaya. 1 Timoti 5:19-20 ya ce kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, mayaudara suna son wannan rabin. Rabi na biyu ya ce wanda ya yi zunubi a tsawata masa a gaban kowa. Dattawan da fasto ya naɗa da kansa, yake kuma iya sauke su da kansa, ba za su taɓa aiwatar da rabi na biyun ba.

Akwai makiyaya masu aminci da yawa, masu shan wahala a kan garke, kuma za ka gane su da wannan ma'aunin. Ka tambaye su lissafi su miƙo maka littafi. Ka ce ba ka yarda da fassararsu ba su buɗe Nassi tare da kai. Ka ce za ka koma wata ikilisiya su yi maka addu'a, gobe kuma su gaishe ka a hanya.

Wani abu kuma da ke damuna, ko da yake ya ɗan kauce: bidiyoyin "kuɓutarwa" da muke turawa juna. Mace tana birgima a ƙasa, tufafinta sun kwance, an sa mata makirfo a baki tana cewa ita ce ta kashe ɗan'uwanta da maita. Wa ya nemi izininta kafin a ɗora? Wasu daga cikinsu ciwon ƙwaƙwalwa ke damunsu, likita suke buƙata. Wasu yara ne da ba su kai shekara goma sha biyar ba. Bidiyon zai zauna a intanet bayan faston ya manta sunanta, mai neman aurenta zai gani, mai ɗaukar ta aiki zai gani, 'ya'yanta ma za su gani. Ko don ka la'anci faston ka tura, fuskarta ce kake ƙara yaɗawa. In lallai sai ka nuna wa mutane abin da ya yi, ka rufe fuskarta tukuna.