Kalmomi 650 da tarbiyyar "yabon kai jahilci"

Mu da muka shiga jami'a a Najeriya, maki ne ya yi magana a madadinmu. Ka zauna jarrabawar JAMB, darussa huɗu, maki 400, abin da ka samu shi ne kai. Tun 1978 hukumar take wannan aiki, ba ta taɓa tambayar yaro abin da ke ransa ba. A jami'o'in tarayya ma guraben a rabe suke: kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko.

Da 'yata ta zo neman jami'a a nan Amurka na tarar kiɗan daban ne. Akwai fom guda a intanet, Common App, wanda jami'o'i sama da 1,000 ke karɓa, a cikinsa kuma ana son yaro ya rubuta maƙala a kan kansa, kada ta gaza kalmomi 250, kada ta wuce 650. Jami'a irin Harvard ba ta ɗaukar ko mutum 5 cikin 100 na masu nema, alhali yawancinsu makinsu ya kai maƙura. To da me za a bambance su? Maƙalar nan na cikin abubuwan da ake dubawa.

Rubutunta na farko ya burge ni matuƙa. Ta jero kyaututtukan da ta ci, ta gode wa iyaye da malamai, ta ɓoye kanta tsaf yadda muka tarbiyyantar da ita. Malamar da ke ba ɗalibai shawara a makarantarsu ta dawo mata da shi, ta ce duk wannan yana wani sashe na fom ɗin, ita yarinyar take nema ba ta gani ba. Raina ya ɓaci ranar. Mu da aka raina da cewa yabon kai jahilci ne, yanzu a ce 'yata ta zauna tana wasa kanta?

Sai daga baya na gane ba kirari suke so ba. So suke su ga yadda yaro ke tunani idan abu ya sha masa kai.

Akwai wata shawarar da na ƙi, har gobe kuma ina ƙin ta. Wani ɗan'uwa ya ce ta rubuta labarin talauci da wahalar Afirka, wai shi ke taɓa zuciyarsu. Irin wannan magana ta ƙaru tun Yunin 2023, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ba da gurbi, amma ta bar wa ɗalibi damar bayyana yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa. Yarinyar nan ba ta taɓa kwana da yunwa ba. A ce ta ari wahalar da ba tata ba ta kai kasuwa, wannan koya mata ƙarya ne, kuma cin mutuncin waɗanda wahalar ta ci da gaske ne.

Abin da ta rubuta a ƙarshe ƙaramin abu ne. Ita ke raka Hajiya, mahaifiyata, asibiti tana yi mata tafinta. Wata rana likita ya tambayi yaya jikin, Hajiya ta ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", alhali daren jiya ba ta runtsa ba saboda ciwon gwiwa, yarinyar na jin nishinta ta bango. Idan ta fassara kalmomin yadda suke, likita zai sallame su da maganin da bai isa ba. Idan ta faɗi gaskiya, ta ƙaryata kakarta a gaban baƙo. Ta ce wa likitan: kakata ta ce da sauƙi, amma a wurinmu mara lafiya ko yana shan azaba haka yake cewa. Maƙalar gaba ɗaya a kan 'yan daƙiƙun nan ta tsaya, kafin ta buɗe baki. Babu kalmar yabon kai ko ɗaya a ciki, amma duk wanda ya karanta ya san da wa yake magana.

Ba na cewa tsarin nan ya fi namu adalci. Masu hali na biyan ƙwararru su yi ta goge wa 'ya'yansu rubutu, ɗan talaka kuwa daga shi sai alƙalaminsa, kuma wannan na damuna ƙwarai. Makin JAMB aƙalla bai san ɗan wane ba. Sai dai na tuna abokan karatuna masu kaifin basira da jarrabawar yini guda ta kayar, ba wanda ya ba su ko layi ɗaya su ce ga ni.

Daren 31 ga Oktoba, ana gobe za a rufe karɓar fom na zagayen farko, ta zauna gefen gadon Hajiya ta karanta mata maƙalar tana juya ta zuwa Hausa. Hajiya ta yi shiru har ta kai aya, sannan ta ce, "Ashe kina ji na da daren nan." Ta dafa kanta ta sa mata albarka, yarinyar ta tashi ta je ta tura.